Sallama a Cikin Kaset

Ranar kasuwar Tsanyawa da ta wuce na zauna a rumfar masu tura waƙa a waya, ba don ina son a tura mini komai ba, ƙafata ce ta gaji, su kuma suna da benci. Ina zaune wata mata ta zo ta miƙa wayarta ta ce a zuba mata tsofaffin waƙoƙi. Mai rumfar ko kai bai ɗaga ba, ya soka, ya danna, kafin ta gama gyara goyo ya miƙa mata abarta. Na ce masa waƙa nawa ke nan? Ya ce wallahi Baba shi ma bai sani ba, sai dai ta gaji da ji. Abin da ta biya kuwa ko ƙosan karyawa ba zai saya ba. Manyan waƙoƙin kotso da taushi, irin waɗanda da can sai a ƙofar hakimi ake jin su, mutum yana tsugune takalminsa a hannu, su ne aka ɗura mata a tsaye. Sa'o'ina in sun ga irin wannan sai su kama salati, wai an zubar da darajar waƙa. Ni ba na cikinsu, kuma ba zan shiga ba. Na san lokacin tsadar nan da suke kewa, na kuma san wadda tsadar ta hana. In ma ana neman waɗanda suka fara karya farashin waƙa a yankinmu, to a zo a kama ni, ina nan gida.

Ƙauyenmu yana nan tsakanin Bagwai da Tsanyawa, inda gida yake jingine da gida, gona take jingine da gona. In ka yi tari a gonarka maƙwabci ne zai ce maka sannu. Garin da muka tashi a ciki ba ya shiru, sai dai ƙararsa ba irin ta yau ba ce. Yau injin niƙa ne da babura da janareto, kowa da wayarsa tana ihu a aljihu. A da kuwa da an idar da sallar asuba guga zai fara bugun bakin rijiya, jakai su ɗauki kuka a hanyar kai taki, sannan taɓarya ta karɓe gari. Mace biyu ko uku a turmi ɗaya suna lugude, wannan gida ya ɗauka, na gaba ya amsa, har ka iya gane gidan da ake surfe da gidan da ake dakan fura ba tare da ka leƙa ba. Kiɗa ma muna da namu daidai gwargwado. Akwai gangar noma ranar gayya, akwai kalangun mahauta ranar kasuwa, akwai gaɗar 'yan mata. Amma manyan waƙoƙi, na makaɗan fada waɗanda ake ja wa baiti kamar ana karatu, waɗannan wuri ɗaya suke a duk garin, zauren Alhaji.

Alhaji attajirin unguwarmu ne, tun zamanin da gyaɗa take da daraja ya sayi garmaho. Yaran yanzu ba su san shi ba. Akwati ne mai hannu a gefe, a wana shi, a ɗora baƙin faifai, a sauke allura a kai, sai murya ta fito. Faya-fayansa suna naɗe a cikin wani tsohon rawani, shi kaɗai yake taɓa su, sai ya goge hannunsa a riga tukuna. Sau biyu a shekara yake fito da akwatin, ranar ƙaramar salla da ranar babba, bayan an sauko daga Idi. Dattawa a kan buzu da tabarma a ciki, magidanta a bakin ƙofa, mu samari a tsaye a rana muna miƙa wuya. Mata kuwa ba a maganarsu. Ko cikin gidansa bai taɓa shiga da shi ba, wai hayaƙin murhu yana kashe murya. A cikin faya-fayan akwai guda mai tsaga daga baki, waƙar wani makaɗin kotso da ya rasu tun ba a haife ni ba. Ita ake sawa ƙarshe, sau ɗaya tak, kowa ya nutsu, allura tana cewa ƙas, ƙas duk sa'ad da ta haye tsagar. In ta ƙare Alhaji ya ɗaga faifan ya duba shi a haske, ya girgiza kai ya ce tsagar ta ƙara tafiya.

Babana manomi ne mai ɗan karatu, mutumin kirki amma ba ya wasa. Zauren Alhaji ba ya zuwa, yakan ce shi bai taɓa ganin kiɗa ya kawo dami gida ba. Mu ma a gabansa ko fito ba ma yi. Inna, mahaifiyata, ita ce ba ta cewa komai a kan kiɗa, ko yabo ko kushe. Abin da na lura da shi kawai, duk ranar salla in ta gama rabon tuwo sai a neme ta a rasa. Tana can bayan rumbu, wajen katangar da ta fuskanci gidan Alhaji, tana riƙe da ƙwaryar dusa. Ni a wautata na ɗauka awaki take ba abinci. Shekara da shekaru ban taɓa tambayar kaina me ya sa awakinmu ba sa jin yunwar nan sai ranar salla da hantsi ba.

Na girma na zama tela, ina bin kasuwanni da kekena a bayan mota. Na yi aure, Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Wata shekara da barkono ya yi kyau na sayo rikoda, irin mai cin batir shida, mai jan madanni na ɗaukar magana. A unguwarmu ni ne na farko, kuma na yi taƙama da ita, ba zan ɓoye ba. A shekarar ne ciwo ya kwantar da Inna. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya zama aiki, mun je asibiti an ba da ƙwayoyi an ce a koma gida a ci gaba da addu'a. Duk mun fahimci abin da ake nufi. Sai mutum biyu sun kama ta take sauka daga gado.

Wata rana da la'asar na shiga ɗakinta da rikodar don in ɗebe mata kewa. Na ɗauki muryar matata tana faɗa da kaji a tsakar gida, na sa musu, muka yi ta dariya. Da matata ta fita, Inna ta daɗe tana kallon rikodar.

Ta ce, "Wannan abin naka, duk abin da ya ji riƙewa yake yi?"

Na ce, "Duk abin da ya ji, Inna."

"Har faifan Alhaji?"

Na ce har shi. Ta mai da numfashi, sannan ta ce in tura ƙyaure.

"Mai tsagar nan da ake sawa ƙarshe," in ji ta, "kakanka yana ciki."

Ni dai abin da aka gaya mana game da mahaifinta shi ne matafiyi ne, ya rasu a hanya. Ashe ɗan amshi ne, yana bin makaɗin kotson nan. Tana 'yar shekara goma suka fita yawon rani, aka dawo da kotsonsa babu shi. Ta ce innarta ta gaya mata a cikin waƙar akwai inda ubangidansu yake jan dogon baiti, 'yan amshi su karɓa, sannan shi kaɗai ya ɗora wata 'yar magana kafin kiɗa ya rufe.

Ta ce, "Babanka ya aure ni danginsa suna gunaguni, wai ya ɗauko 'yar maroƙa. Ya rufa mini asiri, ni ma na rufa masa, ban taɓa ambata ba. Duk salla ina bayan rumbu. Kiɗan ina ji, muryar babban ina ji, amma ta mahaifina iska ba ta kawo ta. Fuskarsa ta ɓace mini tuntuni, na haƙura. Muryar ce nake so in ji kafin in tafi. Amma kada ka kwaso mini akwati da taron maza su zo su zuba mini ido. Ni kaɗai nake son in ji."

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Abin da ya fara zuwa raina ba tausayi ba ne, kunya ce. Ni, telan da ake kira Malam a kasuwa, jikan maroƙi? Yanzu mawaƙi mota yake hawa, manya suna neman ya ɗauki hoto da su. A lokacin kuwa a yi maka tafi a ba ka riga, amma in ka nemi aure a ce a dakata a yi bincike. Na fito daga ɗakin. Sai da na je bayan rumbun nan na tsaya inda take tsayawa, na ga yadda ƙasar wurin ta lotsa, sannan wata kunyar ta kama ni, wadda ta fi ta farko ciwo.

Washegari na sami Alhaji a zaure da dattawansa guda uku da ba sa rabuwa da shi. Na gaishe su, na ajiye rikoda, na ce ina roƙon a sa mini mai tsagar in ɗauka.

Alhaji ya ce, "Kai, tela! Yau salla ce?"

Na ce a'a, ranka ya daɗe.

"To ka ji. Faifan nan numfashinsa ƙirge yake, kowane sawa tsagar tafiya take yi. Kuma wa ya sani ko abin nan naka tsotse muryar zai yi ya bar mini baƙin kasko? Ban da haka ma, in kowa ya samu a ɗakinsa, wa zai zo zaurena ranar salla?"

Dattawa suka ce gaskiya ne, Alhaji. Na yi bayani har bakina ya bushe cewa rikoda ba ta rage komai, ko gezau. Na ga dai babu hanya sai wadda nake gudu. Na gyara zama na ce, "Alhaji, mahaifin Inna yana cikin 'yan amshin faifan nan. Ni jikansa ne. Tun kafin a haife ni take tsayawa bayan katanga duk salla ko za ta ji muryarsa, ba ta taɓa ji ba. Yanzu ga ta a kwance, kun san halin da take ciki."

 Ina jira in ga wanda zai taɓe baki, wallahi da na shirya masa amsa. Babu wanda ya taɓe. Alhaji ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar.

Ya ce, "Duk shekarun nan? Gida biyu tsakaninmu? Haba! Ku tashi a ɗauki akwatin a kai mata yanzu."

Na ce ta hana, ba ta son taro. Na ce kuma ko ba ta hana ba, in an kai mata sau ɗaya za ta ji a ɗauke. Wadda ta yi wannan jiran ba ji ɗaya ya kamace ta ba, so nake ya zauna a ɗakinta, ta ji da safe, ta ji da rana, ba sai ta roƙi kowa ba.

 "Sau ɗaya zan sa," in ji shi. "In ka kama, ka kama. In tsagar ta ƙarasa, babu na biyu."

Allah ya taimake ni na ce a fara gwadawa da wani faifan mai lafiya. Muka sa, na kara rikoda a bakin akwatin, na danna ja. Da aka gama na mayar baya na sa mana. Tabɗi! Waƙa tana can ƙasa kamar daga cikin rijiya, a samanta kuwa ga luguden gida huɗu, ga jakin maƙwabci, ga zakara, ga Alhaji da kansa yana bayanin wanda aka yi wa waƙar, ga dattawa suna "Allah ya jiƙan maza" duk bayan baiti. Ɗaya daga cikinsu ya rantse ba muryarsa ba ce, shi ba ya magana ta hanci, sauran suka yi ta yi masa dariya. Ni ban yi dariya ba. Kunnenmu ya saba da ƙarar garinmu har ya daina jin ta, ita kuwa rikoda baƙuwa ce, komai ta ji sai ta kwashe. In muryar kakana ba ta iya tsallake katanga biyu ba, ina za ta iya da taɓarya? Ga shi kaka ce, kowane gida sussuka ake yi daga safe har yamma. Na ce sai unguwa ta yi shiru gaba ɗaya. Dattawa suka ce tela ya zautu, wa ya isa ya tsai da turmin mata da kaka?

Sai muka ji gyaran murya daga ƙofar cikin gida. Hajiya ce, matar Alhaji, ashe tun farko tana nan a laɓe.

Ta ce, "Ku bar mini matan. Ku dai ku iya da jakunanku da bakunanku, don naku ya fi na jakan wuyar ɗaurewa. Amma tela, da sharaɗi. In ka kama waƙar, bayan innarka, sai ta zaga gidaje. Kuna tsammanin ita kaɗai ce take tsayawa bayan katanga? Ni da akwatin yake gidana, ta ramin ƙyauren nan nake ji."

 Na ce na yarda.

Kafin magariba saƙo ya bi ta kan katanga daga gida zuwa gida, kamar yadda ake miƙa garwashi. Duk macen unguwar ta san 'yar waye Inna. Asirin da aka rufe tun kafin a haife ni ya tonu a yini ɗaya, kuma abin da ya biyo baya kwanukan kunu ne da fura suka yi ta shigowa ɗakinta. Na yi fargaba za ta yi fushi da ni. Ta ce, "Ai na gaji da riƙo."

Aka sa ranar Alhamis da hantsi. Tun da safe maza suka kora jakai fadama. Aka kife zakaru a kwanduna aka lulluɓe da tsumma. Masu goyo aka ce kowa ta ba ɗanta mama in lokaci ya yi. Na sa sabon batir, na sa sabon kaset, na gwada madannin ya fi sau goma. Dattawan uku suka zauna kowa ya ja bakin rawani ya toshe bakinsa. Da Alhaji ya ɗaga hannu, Hajiya ta buga tasa sau uku a tsakar gida. Sai taɓare suka fara tsayawa, na kusa, na gaba, na can bakin rijiya, ɗaya bayan ɗaya. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin garinmu haka da rana tsaka ba. Har motsin karan dawa a gonar bayan gari ana ji. 

Alhaji ya wana akwati, ya sa sabuwar allura, leɓensa ya yi bisimilla ba sauti. Na danna ja. Kotso ya fara, tas, kamar makaɗan suna zauren, tsagar tana ƙas, ƙas a ƙarƙashi. Na ce a raina alhamdu lillahi, an gama.

"Salamu alaikum!"

Daga ƙofar zaure. Wani baƙo ne mai tallan kanwa a kan keke, daga wani gari, bai san komai ba. Mun tuna da jaki, mun tuna da zakara, mun tuna da jarirai, babu wanda ya tuna a tsai da mutum a bakin hanya saboda baƙo. Muka dubi juna. Na haɗa hannuwa ina roƙon Alhaji da ido.

"Salamu alaikum, masu gida!"

Na ga gumi yana tsattsafo wa Alhaji a goshi. Mutumin nan tunda ya gina zaurensa ba a taɓa yin sallama a ƙofarsa ta faɗi ƙasa ba. Ga baƙo yana kallon dattawa uku a zaune sun toshe baki sun ƙi amsa masa, har ya fara juya kan kekensa. Alhaji ya dubi faifai, ya dube ni, ya dubi baƙo.

"Wa alaikumus salamu wa rahmatullah!"

Alhaji ne, da ƙarfinsa kuwa. Dattawan nan uku su ma bakinsu ya kuɓuce ta cikin rawani suka amsa. Ɗayansu ya yafito baƙon, ya nuna masa ƙasa, ya ɗora yatsa a leɓe. Bawan Allah ya tsuguna riƙe da kekensa, ido waje. A daidai nan makaɗin ya ɗauki waƙa, daga nan kuma ko tari ba a sake yi ba har ta ƙare.

Da Alhaji ya ɗaga faifan ya duba a haske, tsagar ta kai tsakiya. Ya ɗan motsa shi, sai ga shi biyu a hannunsa. Ya ce, "Inna lillahi. To, ya gama aikinsa." Hajiya ta sake buga tasa, taɓare suka ɗauka gaba ɗaya, wata ta rangaɗa guɗa daga can bakin rijiya.

Ni kuwa raina in ya yi dubu ya ɓaci. Unguwa guda ta tsai da aikinta, faifai ya mutu, ga sallamar mai kanwa zaune daram a gaban waƙa! Saura kaɗan in gaya wa Alhaji magana, sa'an ubana guda. Alhaji ya ga fuskata ya ce, "Tela, yi haƙuri. Faifai nawa ne, na ba da shi. Sallama kuwa ba tawa ba ce da zan hana." Na ɗauki rikodata na fita.

Alƙawarin Hajiya na cika shi, har na wuce. Na aro rikoda ta biyu na koyi kwafa daga wannan zuwa wannan. Alhaji da kansa ya ce in zo in ɗauke sauran faya-fayan kafin su ma su bi ɗan'uwansu. Na riƙa ɗora kaset a gefen keken ɗinkina ranar kasuwa, abin da magidanci zai sayar da mudu biyu na gero ya saya. Wadda ba ta da kuɗi ta aiko da geron, na karɓa. Gidan da babu rikoda su ara ta kwana ɗaya. Cikin shekara biyu waƙar da sai ranar salla maza suke ji a tsaye a rana, ta zama mace tana tankaɗe tana bin ta baiti baiti, har ta gyara wa mijinta inda ya kuskure. Kuma kaset ɗin da aka fi nema shi ne mai sallama. Duk gidan da aka sa shi, da mai kanwa ya ce salamu alaikum sai ka ji tsakar gida ta amsa, wata ma har ta jawo mayafi. Na yi niyyar goge wurin, mata suka ce in na taɓa shi ba za su saya ba. Zauren Alhaji ya rage cika ranar salla, gaskiya ne, ya kuma yi ta mita. Amma har ya rasu in baƙo ya zo sai ya sa masa kaset ɗin ya ce, "Saurara, yanzu za ka ji ni tare da su." Shi ya sa in sa'o'ina suna kukan waƙa ta yi arha nake ce musu ku dai kuna cikin zaure, ba ku taɓa tsayawa bayan katanga ba.

Amma na yi gaba da yawa. Inna wata bakwai ta yi da kaset ɗinta, ta rasu da farkon damina. Bari in koma ranar Alhamis ɗin.

Bayan azahar na shiga ɗakinta. Tana kan gadonta na ƙarfe, an tokare ta da matasai don numfashi. Na so in ba ta haƙuri a kan abin da ya faru, sai ta riga ni. Ta ce matata ta fita ta ja ƙyaure, ni in zauna tunda ni na san madannin. Na ajiye rikoda a kan tabarma, na zauna a kujera, na danna.

Kotso ya fara. Ta rufe ido. Da mai kanwa ya yi sallama sai ta buɗe, ta lalubo mayafinta ta rufe kai, ta amsa a hankali, "Wa alaikumus salam." Na sunkuyar da kai.

Makaɗin ya ɗauka, 'yan amshi suka karɓa. Baiti ya wuce, wani ya wuce. Ina kallon hannunta a kan bargo, bai motsa ba. Tsoro ya kama ni, na ce kada dai innarta ta yi kuskure, ko kuma ta ji ta kasa ganewa. Sai babban ya ja wani dogon baiti har numfashinsa ya kusa ƙarewa, amshi ya karɓa, sannan wata siririyar murya mai ɗan kaushi ta ɗora ita kaɗai. 'Yar magana ce, ba ta fi a kira sunan mutum daga gona ba. Kiɗa ya rufe ta.

Na ji gado ya yi ƙara. Inna ce take zuro ƙafafunta ƙasa, matar da sai mutum biyu sun kama ta.

Na ce, "Inna, ina za ki? Tsaya in kira a kama ki!"

Ta ture hannuna. Ta zame a hankali tana riƙe da ƙarfen gado har ta kai ƙasa, ta durƙusa a kan tabarma gaban rikodar iyakar yadda kumburin ya bar ta, kanta a sunkuye, hawaye yana ɗiga a kan mayafi. Ni kuma na koma kujera na zauna sororo ina kallon ta.

Ta ce, "Kai, sauko ƙasa. Babana yana magana kana kan kujera?"

Na sauko na durƙusa a gefenta. Muka zauna haka har waƙar ta ƙare, kaset yana ta juyawa babu komai. Ta share fuska da bakin mayafi.

Ta ce, "Mayar da shi farko. Ai yanzu ya dawo gida, babu inda za shi."